Lami da Zaren Hula

Masu iya magana idan suna son su kwatanta wanda ba ya cutar da kowa, sukan kira shi kyanwar Lami, wadda ba ta cizo ba ta yakushi. To, mu a gidanmu da ke Gadaka akwai wata kyanwa mai suna Lami, wadda yakushi kam bai dame ta ba, amma ɓarnar da haƙoranta suka yi mana cikin wata shida, ɓerayen unguwa duka ba su yi ta cikin shekara ba. Labarinta ne muke so mu ba mai karatu, domin kuwa mun daɗe muna tuhumar ta da laifi, kafin daga baya shari'a ta juyo kanmu.

Ga wanda bai san Gadaka ba, gari ne da ke cikin ƙaramar hukumar Fika ta jihar Yobe, kudu da Potiskum, kuma a nan ne fadar Mai Gudi take. Ngamo ne mafi yawan mutanen garin, tare da 'yan'uwansu Bolewa da Karekare da Fulani da Hausawa, harshen Hausa kuwa shi ne na kasuwa da zaman majalisa. Noma shi ne abin dogaron yawancin gidaje: gero da dawa da wake da gyaɗa. Duk inda hatsi ya taru kuwa, ɓera ba ya jiran gayyata. A kakar shekarar 2021 Allah Ya ba mu albarka a gona, sai ga shi ba mu gama murna ba ɓeraye suka mayar da ɗakin ajiyarmu gidan biki. Kowace safiya sai an share tsabar wake da kashin ɓera daga ƙarƙashin buhuna. Abin ya fi gaban asarar hatsi kawai, domin babu wanda ke zaune a wannan yanki bai ji labarin zazzaɓin Lassa ba, cutar da ta samo sunanta daga garin Lassa na jihar Borno inda aka fara gano ta a shekarar 1969, wadda kuma wani jinsin ɓera ke yaɗawa ta fitsarinsa da kashinsa idan suka taɓa abinci.

Maganin da kowa ya sani tun zamanin zamunna shi ne kyanwa. Masana sun ce tsakanin rumbu da kyanwa tsohuwar yarjejeniya ce, wadda aka ƙulla tun lokacin da ɗan Adam ya fara ajiye hatsi a Gabas ta Tsakiya. A shekarar 2004 ma an ba da labarin wani kabari a tsibirin Kubrus, mai kimanin shekara 9,500, inda aka tarar an binne kyanwa kusa da mutum. Mu dai ba wannan tarihi ne ya dame mu ba a lokacin. Mun ji cewa magen wani maƙwabcinmu ta haihu, sai muka dinga yi masa sintiri safe da yamma, har ya gaji ya ce mu zaɓi ɗaya. Muka ɗauko ta a cikin hular ɗayanmu, 'yar mitsitsiya mai ruwan toka da farin ƙirji, tana tafiya tana tangaɗi. Ba ta wuce mako huɗu a duniya ba. Uwarta ta biyo mu har ƙofar zaure tana kuka, muka kora ta da tsintsiya. Da yake ranar Alhamis ce, sai Kakarmu ta yi dariya ta ce, “To, ga Lami ta iso.” Sunan ya zauna.

Da farko abin sha'awa muka ɗauki ɗabi'arta. Idan dare ya yi takan hau shimfiɗar Kaka, ta kama gefen gwado a baki tana tsotsa, tana tattaka shi da ƙafafun gaba, tana gurnani har barci ya ɗauke ta. Mukan kira juna mu zo mu yi kallo. Babu wanda ya tsaya ya tambayi abin da take nema a jikin gwado. Da hunturu ya shigo aka fito da kayan sanyi, sai tsotso ya koma tauna. Rigar ulu ta ƙaramin ƙaninmu ita ce ta fara shan kashi, aka wayi gari hannunta ɗaya ya gutsure. Daga nan sai bakin tabarmar kaba, sai faifai, sai igiyar guga, sai maɗaurin takalmin makaranta, sai leda duk inda ta gan ta. Wayar cajin waya kuwa uku ta datse a cikin wata guda, har ya zamana wanda duk ya shigo gidan da waya sai an gargaɗe shi tun daga zaure.

Mu kuma muka yi abin da muka iya. Idan muka tarar da ɓarna, sai mu nemo ta duk inda take kwance, mu jawo ta, mu dangwara hancinta a kan abin, mu tsula mata tsinken tsintsiya. Abin da wannan ya haifar shi ne ta koyi gudu idan ta ji tafiyarmu, ta kuma mayar da aikinta tsakar dare. Wani ya ba mu shawara mu jiƙa barkono mu shafa a bakin tabarmi. Muka yi. Ta taka, ta lashi ƙafarta, ta goge fuska da ita kamar yadda kyanwoyi kan yi, ta wuni idanu a kumbure suna zubar da ruwa. Har yau idan muka tuna wannan rana sai kunya ta kama mu. Muka koma kulle ta a ɗakin ajiya da dare, a kan cewa ta je ta yi aikin da aka kawo ta dominsa. Da safe muka tarar ta kashe ɓera biyu, ta kuma tsinke ɗinkin bakin buhu huɗu, wake ya malale ƙasa.

Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa. Babbar yayarmu sana'arta ɗinkin hula, kamar mata da yawa a ƙasar Borno da Yobe. Wanda bai taɓa zama kusa da mai wannan sana'a ba, ba zai san abin da ke cikin hula guda ba. Za a zana fasalin a kan farin ƙyalle, sannan a bi shi da allura rami bayan rami, launi bayan launi, har ido ya yi ja, wuya ya ƙage, yatsa ya yi kanta. Tun kafin azumin shekarar 2022 wani ɗan kasuwa ya ba ta aikin kube mai ƙananan gidaje, kore da ruwan zuma, wadda zai sa ranar Ƙaramar Salla. Mako takwas ta yi a kanta, kuma kuɗin ɗinkin ne take lissafin za ta cika kuɗin rajistarta da su a kwalejin horar da malamai. Saura kwana goma Salla, saura kuma 'yan layuka kaɗan ta gama, sai ta ajiye aikin a cikin faifai ta tafi asham. Da ta dawo ta haska fitila, ba ta yi ihu ba. Zama ta yi a bakin gado, ta ɗora hular a cinya. An cinye gefe guda har kusa da tsakiya, sauran kuwa ya jiƙe sharkaf da yawu, zaren kore ya warwatsu a ɗaki kamar an yi shanya.

A daren nan Baba ya yanke hukunci. Ya ce gobe da asuba a sa ta a buhu, a ba direban motar kasuwa ya yar da ita a can dajin da ba za ta gane hanyar gida ba. Babu wanda ya ce uffan, domin dukanmu zuciyarmu ta yarda da hukuncin. Sai Kaka, wadda muke zaton ta yi barci, ta yi gyaran murya daga ɗakinta ta ce, “Malam, ina da tambaya. Ita ta kawo kanta gidan nan, ko ku kuka je kuka ɗauko ta daga jikin uwarta?” Baba ya ce, “Yara ne suka ɗauko ta, Iya.” Ta ce, “To, wanda ya ɗauko amana ba ya zubar da ita a daji don ta yi masa nauyi.” Sannan ta tuna masa da abin da kowane ɗalibin makarantar allo ya ji, na matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Baba ya sunkuyar da kai ya ce, “Na ji, Iya. Amma a san yadda za a yi da ita.”

Ba mu kai ga sanin yadda za a yi da ita ba, ita ta riga mu. Washegari Lami ta ƙi cin abinci. Ta samu lungu bayan randa ta takure, tana dalalar da yawu, tana yunƙurin amai ba abin da ke fitowa sai kumfa. Da ƙaninmu ya buɗe bakinta, sai ya hango koren zare ya naɗe a ƙarƙashin harshenta, sauransa ya bi maƙogwaro ya shige. Ya kai hannu zai ja, Kaka ta buge hannun ta ce, “Kul! Abin da ba ka ga ƙarshensa ba, kada ka ja farkonsa.” Wani daga cikinmu ya kawo shawarar a jiƙa mata rabin ƙwayar farasitamol, Allah Ya taimaka ba a sami ko ɗaya a gidan ba. Muna tsaye cirko-cirko, sai yayarmu, mai hular nan, ta kwance bakin zanenta ta miƙo kuɗin mota ta ce, “Ku kai ta Potiskum wajen likitan dabbobi. Hula ta riga ta tafi, kada a haɗa da rai.”

Mu biyu muka tafi, da ita a cikin kwali mai huji. Fasinjoji suka yi ta yi mana dariya, wai da bakin azumi da wannan zafi mun ɗauko mage za mu kai asibiti. Ba mu ga laifinsu ba. Potiskum gari ne da ya yi suna da kasuwar shanu, ɗaya daga cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, kuma wanda ya je wajen likitan dabbobi a can, sa ne ko rago ko doki ya kai shi. Amma likitan da muka samu bai yi dariya ba. Ya lallatsa cikinta, ya yi mata allurar barci, ya ɗaga harshen ya yanke zaren daga inda ya naɗe. Ya ce mun yi sa'a biyu: mun zo da wuri, kuma ba mu ja ba.

Bayanin da ya yi mana shi ne farkon karatunmu. Harshen kyanwa, in ji shi, cike yake da ƙananan ƙayoyi masu kallon maƙogwaro, waɗanda take taje gashinta da su, take kuma kankare nama daga ƙashi. Saboda haka idan zare ya hau harshen, tofar da shi yana yi mata wuya, sai dai ta yi ta haɗiya. Idan kuwa kan zaren ya maƙale a ƙarƙashin harshe, sauran ya wuce cikin hanji, to hanjin zai yi ta ƙoƙarin tura shi gaba, shi kuma ba ya tafiya, har hanjin ya tattare a jikinsa kamar yadda tazuge ke tattare ƙugun wando. Daga nan zaren sai ya shiga yankan hanji kamar zarto. Wanda ya ja shi, ko ta baki ko ta baya, ya taimaka wa zarton ne. Ya ce mu koma mu sa ido, idan amai ya ci gaba ko ta ƙi ci har gobe, to babu makawa sai an yi mata aiki. Game da farasitamol kuwa, ya ce hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Ya ƙara da cewa albasa da tafarnuwa ma suna lalata mata jini, don haka a daina zuba mata ragowar miya.

Yana wanke hannu sai ya tambaye mu, “Samari, tana da wata nawa kuka raba ta da uwarta?” Muka ce, “Ba ta kai wata ba sosai, Likita, mako huɗu ne.” Ya girgiza kai ya ce, “Ruwa ba ya tsami banza.” Ya bayyana mana cewa ɗan kyanwa yana fara fitar da haƙoran nono guda 26 tun yana 'yan makonni, sannan tsakanin wata uku zuwa shida ya yi famfara, manyan haƙora 30 su maye gurbinsu. A wannan tsakani dasashi na ƙaiƙayi, kowane ɗan kyanwa yakan yi tauna, kuma yakan daina. Amma Lami ta wuce wata shida ba ta daina ba, kuma tsotson gwado ya riga taunar zuwa. Uwa ba ta gama yaye 'ya'yanta sai wajen mako takwas, kuma bayan nan ma akwai sauran karatu: a wajen uwa da 'yan'uwa ne ake koyon farauta, da wasa, da sanin iyakar cizo. Wadda aka cire tun tana mako huɗu, bakinta bai ƙoshi da tsotso ba, sai ta nemi abin da ya yi kama da cikin uwa don laushi da ɗumi. Daga baya mun karanta cewa a shekarar 2017 masana a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan sun wallafa binciken da suka yi a kan kyanwoyi fiye da 5,000, inda suka ga cewa waɗanda aka yaye kafin mako takwas sun fi saurin faɗa, waɗanda kuwa aka bari da uwa har mako goma sha huɗu ko fiye, ba su cika kamuwa da irin waɗannan ɗabi'u na maimaita abu ɗaya ba. A ranar dai ba mu bukaci Finlan ba. Kukan uwar nan da muka kora da tsintsiya a ƙofar zaure shi ne ya dawo mana a kunne, tun daga Potiskum har Gadaka.

Bayan kwana biyu zaren ya fita da kansa, Lami ta nemi abinci. Daga nan muka shiga gyara, kuma abin mamaki shi ne kusan duk gyaran a kanmu ya faɗa. Da farko muka rufe ƙofar ɓarna, tun da ba a ba kura ajiyar nama. Zare da allura suka koma cikin gwangwani mai murfi, aikin hula ya koma cikin akwati ko da mai shi ruwa kawai za ta je sha. Kayan sanyi suka shige adaka. Wayoyin caji da na fitilar sola muka zura su cikin tsohon tiyo, waɗanda ba su zuru ba muka rataye su sama. Leda kuwa, wanda duk ya yar da ita a tsakar gida shi ke sharar yamma. Gefen tabarmi muka riƙa goga masa ɓawon lemun tsami, domin kyanwa ba ta son ƙanshinsa, kuma ba ya ƙona ido kamar barkono.

Na biyu, muka ba bakin nan aikin yi. Duk ranar da aka sayo nama, akan ware mata jijiya ko ɗan yanki mai tauri, a dafa ba gishiri ba yaji, a yanka shi dogo yadda sai ta kwanta ta yi ta gwaguya da turamen haƙoranta. Dafaffen ƙashi da ƙayar kifi ba ma ba ta, don suna tsagewa su soki maƙogwaro. Muka shuka alkama a cikin fasasshen kasko, ta riƙa tsinkar ganyen idan ta ga dama. Ƙaninmu ya so ya shuka dawa don ita ce a kusa, Baba ya hana, ya ce ko makiyayi ya san ɗanyen tsiron dawa da gyauronta guba ne ga dabba.

Na uku, muka gane cewa zaman banza na cikin abin da ke damun ta. Kyanwar da ke neman abincinta da kanta takan yi ƙananan farauta sau da yawa a yini, musamman da asuba da kuma goshin magariba. Mu kuwa sau ɗaya muke cika mata kwano, sauran yinin ta yi ta kallon bango. Sai muka raba abincin kashi huɗu, wani kason mu zuba shi cikin ɗan duma mai huji, sai ta gangara shi kafin ya zubo. Da yamma kuma yara su ɗaura gashin zabuwa a bakin kara su yi ta ja tana bi tana tsalle, har ta gaji ta kwanta. In an gama, a ɗaga karan sama, don kada abin wasa ya koma abin haɗiya.

Na huɗu, wanda ya fi mana wuya, shi ne ajiye tsinken tsintsiya. Likita ya gaya mana cewa kyanwa ba ta haɗa dukan safe da laifin dare. Abin da take fahimta kawai shi ne mutumin nan abin tsoro ne, tsoro kuwa ƙara mata taunar yake yi, domin da ita take kwantar da hankalinta. Saboda haka idan muka gan ta ta kama abin da bai dace ba, sai mu tafa hannu sau ɗaya, in ta saki mu miƙa mata nata, in ta karɓa mu shafa mata kai. An ɗauki kusan wata biyu kafin ta daina zabura idan ɗayanmu ya miƙa hannu wajenta.

Ba za mu ce wa mai karatu ta warke sarai ba. Har yau idan sanyi ya sauko takan hau shimfiɗar Kaka ta kama gefen gwado, Kaka kuwa takan duba kullum ta tabbata babu zaren da ya zazzago. Amma tun daga wancan azumi ba ta sake lalata wani abin kirki ba, kuma ɗakin ajiyarmu ya yi shiru. Hular dai ba ta gyaru ba. Ɗan kasuwa ya yi Sallarsa da wata, yayarmu ta biya shi kuɗin ƙyalle da zare, Baba ya sayar da akuya aka cika kuɗin rajista. Ita kuwa kuben, yayarmu ta yi mata maho da wani ƙyalle, Baba ya mayar da ita hular zuwa gona. In aka tambaye shi wane irin ɗinki ne wannan, yakan ce na mutum biyu ne, ɗaya da allura ɗaya da haƙori.

Mun sha zama mu yi tunanin yadda muka shafe wata shida muna yaƙi da alama, ba mu taɓa tambayar dalili ba, alhali dalilin a hannunmu ya faro. Sau nawa ne kuma ake yin haka ga waɗanda suka fi kyanwa daraja? Yaron da ke tsotson yatsa, ko mai cin farce, ko wanda aka raba da uwarsa tun bai yi wayo ba ya tashi da wata ɗabi'a da ke ba manya haushi, bulala ce kan fara isa gare shi kafin tambaya. Wannan kuwa magana ce da ta fi ƙarfin wannan ɗan rubutu, mun bar wa mai karatu ya auna.

A daminar 2023 Lami ta haifi 'ya'ya huɗu a bayan buhunan wake. Ba su rufa mako huɗu ba yaran unguwa suka fara sintiri a ƙofar zaurenmu, kowa da hularsa a hannu, kowa gidansu ɓera ya dame su. Muka ce su yi haƙuri. Suka koma suka turo iyayensu, har wani dattijo ya ce wa Baba abin ya zama rowa. Baba ya cire hular gonar nan ya nuna masa mahon, ya ce, “Alhaji, ka ga abin da gaggawa ta saya mana. A bar su su cika wata uku a jikin uwarsu, ni da kaina zan aiko maka da wanda ka zaɓa.” Haka kuwa aka yi. Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar abin da ba ya iya buɗe baki ya kai ƙararmu, amin.